Amsoshin Tambayoyinku: Ƙarfen jirgin ruwa ko mansa, wanne ya fi ɓata muhalli?

Tambaya: Ni direban tanka ne, mazaunin Izom. Mun yi musu da abokan aiki a Dikko. Wasu sun ce ƙera jirgin ruwa shi ya fi ɓata muhalli saboda uban ƙarfen da yake ci, ni kuma na ce mai ne. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Malam direba, kai ka ci musun, amma abokanka ma ba su faɗi ƙasa warwas ba.

Bari mu yi lissafi. Narka tan ɗaya na ƙarfe yana fitar da iskar kabon kusan tan 1.9. Ƙona tan ɗaya na baƙin man da manyan jirage ke sha kuwa yana fitar da tan 3.1. To, a ce an ƙera jirgi da ƙarfe tan 20,000, hayaƙin ƙarfen ya kama tan 38,000 ke nan. In jirgin yana shan tan 50 kullum, cikin kwana 245 na tafiya man ya kamo ƙarfen. Ga shi jirgi yakan yi shekara 25 zuwa 30 yana aiki. Sau ɗaya ake ƙera shi, mai kuwa kullum ne. Shi ya sa hukumar IMO mai kula da sufurin teku ta ƙiyasta cewa a 2018 jirage sun fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Inda nauyin ƙarfen ke shigowa, kai ma ka sani: tanka cike da lita 45,000 ba ta hawa tudu da man da take hawa in ba lodi. Jirgi mai nauyi yana ƙara nutsewa, sai ya ture ruwa mai yawa, inji ya ƙara wahala. Wato ɓarnar nauyi ma ta tankin mai take biyowa. Wannan ya fi damun ƙananan jirage masu gudu, har akan ƙera wasu da alminiyam, duk da narka shi ya fi cin wuta. A ƙaton jirgin dako kuwa kaya sun ninka gangar jiki, don haka gudu ne abin dubawa. Rage gudu da kashi 10 kan rage man tafiya da kusan kashi 19.

Abokanka suna da hujja a ƙarshen rayuwar jirgi. A Alang ta Indiya da Chittagong ta Bangladesh, a bakin teku ake yanka tsofaffin jirage, ragowar mai da fenti mai guba suna malala cikin yashi, leburori suna shaƙa. Ƙarfen dai ana sake narka shi.

Kada kuma wannan ya sa ka tsani jirgi. In aka auna tan da tan, ya fi mota tsimin mai nesa ba kusa ba. Da tashar jiragen ruwa ta Baro da tsohon Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2019 tana aiki yadda aka tsara, da manyan motoci sun ragu a hanyar Suleja zuwa Minna. Ka gaishe da abokan musun naka.