Kada ka jingine fatsa tukuna

Ɗan'uwa, in ka sha dawowa daga bakin teku hannu rabbana, sau da yawa lokacin ne bai dace ba. A gaɓar Legas, ruwan teku kan cika ya janye sau 2 a kowace rana, kuma kifi ya fi matsowa sa'ad da ruwa ke hauhawa, musamman da asuba ko gab da magariba.

Ka je lokacin da ruwa ya janye, ka lura da kwaruruka da ramukan da ya bari a yashi. Nan kifi ke kiwo in ruwan ya dawo, nan za ka jefa. Ka rage girman ƙugiya, ka sa sabon jatan lande a matsayin koto. Sannan ka gaida masuntan wurin, ka tambaye su, sun fi ka sanin ruwansu.