Malamin da Ya Hau Dutse Ba Takalmi

Karatu: Ibraniyawa 13:7-8, 1 Korantiyawa 3:5-9

Ya ɗan'uwa mai karatu, wa ya fara kama hannunka ya koya maka riƙe alli? Kana iya tuna sunansa? Da yawa daga cikinmu bulalarsa kaɗai muke tunawa. Mun manta cewa wannan takarda da ke hannunmu, har da Littafi Mai Tsarki, ta ƙofar da ya buɗe mana muke karanta su. A darasin yau za mu dubi rayuwar wani malami ɗan Kamaru, domin mu koyi yadda za mu tuna da namu malaman.

An haifi Simon Mpeke a 1906 a kudancin Kamaru, kusa da garin Edéa. Iyayensa manoma ne, ba masu bi ba. Ya shiga makarantar mishan yana yaro, aka yi masa baftisma a 1918. Aikinsa na fari shi ne koyar da yara ƙanana. Daga baya ya shiga makarantar horar da firistoci, a 1935 kuwa ya zama ɗaya daga cikin 'yan Kamaru takwas na farko da ikilisiyar Katolika ta naɗa. Ya yi shekaru yana hidima a unguwar New-Bell cikin birnin Duwala, inda aka san shi, ake kuma girmama shi.

A 1959, yana da shekara 53, lokacin da tsaransa suka fara lissafin ranar hutu, ya bar Duwala ya nufi arewa. Bishop na Garwa, Yves Plumey, ya karɓe shi. Ya zauna a Tokombéré, gindin duwatsun Mandara, kusa da Mora. Mutanen duwatsun nan, irin su Mada da Muyang da Zulgo, an daɗe ana rena su, ana kiransu da sunan wulakanci. Shi kuwa ya riƙa hawa wurinsu da ƙafa, ba takalmi, yana zama da dattawa yana sauraronsu. Su ne suka sa masa suna Baba Simon.

Bai manta da aikinsa na fari ba, gama ya buɗe makarantar firamare. Ka tuna, ga manomin dutse, yaron da ke aji hannu ɗaya ne ya ragu a gona da wajen kiwon awaki. Sai da haƙuri da yawan ziyara iyaye suke yarda. Yakan kwatanta wa yaran makaranta da mabuɗi: malami ya miƙa maka, buɗe ƙofa kuwa aikinka ne. Ya rasu ran 13 ga Agusta, 1975. Ɗaya daga cikin yaran nan, Jean-Baptiste Baskouda, ya zama sanata a Kamaru, ya kuma rubuta littafi a kan malaminsa. An sa wa makarantar sakandare ta Tokombéré sunan Baba Simon.

Me za mu koya?

Na ɗaya, malami yakan shuka abin da ba lalle ya ga girbinsa ba. Baba Simon bai ga ranar da ɗalibinsa ya shiga majalisa ba. Manzo Bulus ya nuna wa Korantiyawa cewa mai dashe dabam, mai ban ruwa dabam, amma girma daga wurin Allah yake, kowa kuma da ladan wahalarsa. In kai malami ne, kada ka karai don ba ka ga amfani tukuna ba.

Na biyu, tunawa ta gaskiya koyi ce. Marubucin Ibraniyawa bai tsaya ga tunawa kawai ba, ya ce a duba yadda rayuwar shugabannin ta ƙare, a kuma bi sawun bangaskiyarsu. Yabo a bakin kabari ba shi da wuya. Koya wa yaron maƙwabci karatu da yamma shi ne yabon da yake da nauyi.

Na uku, kada ka jira ranar jana'iza. An rubuta labarin Baba Simon, amma akwai malamai da yawa a Garwa, da Marwa, da ƙauyenku, waɗanda suka ajiye alli ba wanda ya rubuta sunansu. Wani idonsa ya yi rauni saboda duba littattafan yara da fitilar ƙwai. Wani yana zaune a zaure, ɗalibansa suna wucewa a mota ba gaisuwa. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Bari ya zama ta hannunka Allah zai nuna wa tsohon nan haka.

Tambayoyi don bimbini:
1. Wane hali na malaminka na fari kake gani a rayuwarka yau?
2. In yana da rai, yaushe rabonka da gaishe shi? In ya rasu, wa yake kula da iyalinsa?
3. Wane yaro ne kusa da kai yake jiran mabuɗi?

Abin yi a makon nan: ka je ka durƙusa ka ce, "Malam, na zo godiya." Kada ka tafi hannu wofi.

Addu'a: Ya Ubangiji, mun gode maka domin waɗanda suka koya mana cikin haƙuri. Ka gafarta mana mantuwarmu. Ka ƙarfafa tsofaffin malamai, ka biya bukatunsu, ka kuma sa mu miƙa wa na baya abin da muka karɓa. Cikin sunan Yesu. Amin.