Kamun Kifi Da Ƙwaron Ƙarya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel ya san Allah bai ba mu kogi ba. Daga Maigatari har Gagarawa, daga Sule Tankarkar har cikin garin Gumel, ruwanmu na rijiya ne da na tafki da kududdufi, waɗanda kan cika da damina su ƙafe kafin bazara. Amma duk da haka muna cin kifi. Bandar da iyayenmu mata ke sakawa a miyar kuka, mai yawa daga cikinta daga Haɗejiya da Nguru fatake ke kawo ta kasuwanninmu. Tun da yake muna da rabo a kogin da ba ma gani, ya kamata mu san wani abu game da shi, kada mu zama kifin rijiya, wanda ya ɗauka iyakar duniya ke nan. A wannan darasi za mu duba wata dabarar kamun kifi ta mutanen ƙasashen sanyi, watau fatsa da ƙwaron ƙarya, sa'an nan mu ga abin da za ta koya mana game da namu ruwan.

Kifin da ake nema

Kifin da aka fi kamawa da wannan dabara Turawa na kiransa tirawut. Jikinsa siriri ne mai ɗigo-ɗigo, kuma wanda aka saba samu a rafi tsawonsa bai cika wuce kamu ɗaya ba. Iri biyu suka fi shahara. Akwai mai ruwan ƙasa, wanda asalinsa na Turai ne, da kuma mai launin bakan gizo, wanda asalinsa na yammacin Amurka ta Arewa ne.

Tirawut ba ya zama sai a ruwa mai sanyi, garai-garai. Dalili kuwa shi ne iskar oksijin, wadda kifi ke shaƙa daga cikin ruwa. Ruwan sanyi ya fi na ɗumi riƙe wannan iska. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 10 takan riƙe wajen miligiram 11, amma idan zafin ya kai digiri 30 ba ta riƙe fiye da 7 da rabi. Da zarar ruwa ya haura digiri 20 sai tirawut ya fara galabaita, idan ya kai wajen 25 ya daɗe a haka, to, sai mutuwa. Ku tuna yadda zafin Afrilu kan haura digiri 40 a nan wajenmu, za ku gane abin da ya sa ba za a taɓa ganinsa a tafkunanmu ba. A Afirka sai a kan manyan duwatsu yake rayuwa, kamar a Lesoto da Afirka ta Kudu da Kenya, kuma can ɗin ma kai shi aka yi. An fara zuba ƙwansa a rafukan Kenya a 1905.

Abincinsa

Tirawut ba ya yawan yawon neman abinci. Yakan sami bayan dutse ko gindin saiwa ya laɓe, ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, ya jira abin da igiyar ruwa za ta kawo masa. Yawancin abin da take kawowa ƙwari ne.

Akwai ƙwari masu yawa da muke gani suna tashi sama, alhali kuwa a cikin ruwa suka yi ƙuruciyarsu. Sauro ɗaya ne daga cikinsu, haka ma mazari. Wanda tirawut ya fi so shi ne wani ƙwaro da Turawa ke kira ƙudan watan Mayu. Wannan ƙwaro yakan shekara ɗaya ko biyu yana tsutsa a ƙarƙashin ruwa, sa'an nan ya taso sama, ya fasa fatarsa, ya yi fiffike. Bayan ya tashi ba ya cin komai, kwana ɗaya ko biyu kawai yake yi, ya zuba ƙwai a ruwa ya mutu. Ranar da dubbansu suka taso lokaci guda, kamar yadda shinge kan fito bayan ruwan farko, sai ka ga kifi na ta ɗago kai yana lasarsu a bisa ruwa. Kuma a irin wannan lokaci sau da yawa ba ya kula kowane abinci sai wannan ƙwaron. To, daga nan dabarar ta samo asali.

Yadda ake ƙera ƙwaron

Maimakon a soka tana ko fara a ƙugiya, sai a ɗauki ƙugiya tsirara a naɗe ta da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro. Zaren ulu ko na siliki shi ne jiki. Gashin wuyan zakara, idan aka naɗa shi a kewaye da ƙugiya, sai silinsa su mimmiƙe kamar ƙafafu, su tallafe ta a bisa ruwa. Har da gashin zabo ana amfani, saboda ɗigon da ke jikinsa.

Wannan sana'a tsohuwa ce ƙwarai. Wani marubucin Rum mai suna Iliyanus, wanda ya rayu wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin mutanen Masidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu su kama kifi mai ɗigo-ɗigo. A Ingila kuwa, a 1496 aka buga wani ɗan littafi da ya bayyana yadda ake ɗaura ƙwari iri 12, kowanne da watan da ya dace da shi. Yau iri-irin sun kai dubbai, amma uku ne manya: wanda ke yawo a bisa ruwa, da wanda ke nutsewa kaɗan, da wanda ke kwaikwayon tsutsa a can ƙasa. Abin sha'awa, a Kenya ake ɗaura da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a Turai da Amurka, kuma mutane da dama da wannan aikin hannu suke ci da iyalinsu.

Yadda ake jefawa

Ga wata tambaya ga 'yan ajin kimiyya. Ƙwaron ƙarya bai fi gashin kaza nauyi ba, to, yaya za a jefa shi nesa? Ku gwada jefa gashin kaza ku ga inda zai faɗi. Amsar ita ce an mayar da nauyin cikin igiya. Igiyar wannan fatsa mai kauri ce, sandar kuwa doguwa ce mai lanƙwasa, tsawonta wajen ƙafa 9. Mai fatsa yakan kaɗa sandar baya, ya dakata igiyar ta miƙe, sa'an nan ya kaɗo ta gaba, kamar yadda makiyayi ke kaɗa bulala. Sai igiyar ta warware a iska ta ɗauki ƙwaron ta ajiye shi a hankali. Tsakanin igiyar da ƙugiya akwai siririn zaren roba wanda da ƙyar ido ke ganinsa, don kada kifi ya farga.

Jifa kaɗai ba ta isa ba. Dole ƙwaron ya bi ruwa daidai da gudunsa, kamar abin da ba a ɗaure ba. Idan igiya ta ja shi ko da kaɗan ne, ya tsaga ruwa, kifin ya gane ke nan. Dole kuma mutum ya zo ta bayan kifin, ya rage tsawo, ya kula da inda inuwarsa ke faɗawa. Hausawa sun riga sun faɗa: kifi na ganinka mai jar koma. Saboda haka gwanin wannan fatsa yakan daɗe zaune a bakin rafi bai jefa komai ba. Yana duban wane ƙwaro ne ke tashi, yana ɗaga duwatsu ya ga tsutsar da ke ƙarƙashi, sai ya tabbata sa'an nan ya zaɓi wanda zai ɗaura. Da ilminsa yake kama kifi, kifin kuma kwaɗayinsa ke kai shi, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala.

A ƙasarmu fa?

Kogin da ya fi kusa da mu shi ne Kogin Haɗejiya. Kogin Kano da na Calawa ne ke haɗuwa su haife shi. Yakan bi ta Wudil da Ringim da Haɗejiya, ya bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru, ya gamu da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, wadda ke zuba a Tafkin Cadi. Cikinsa akwai tarwaɗa da karfasa da kurungu da kawara da sauransu. Masuntanmu na kama su da birgi da taru da koma da mamari da gura, yara kuma da fatsa.

Yaron da ya soka fara ko shinge a ƙugiya ya jefa wa kawara, shi da Baturen nan tunaninsu ɗaya, don kowannensu ya lura da abin da kifi ke ci. Bambancin yana wajen ruwan. Namu ruwan yawanci jajaye ne masu laka, kifi ba ya gani da nisa. Shi ya sa tarwaɗa ta dogara da gashin bakinta da jin wari, ta fi amsa koto irin su tana da hanjin kaza. Amma inda ruwa ya kwanta ya yi haske, kifin Afirka ma yakan ruɗu da gashin tsuntsu. A Kogin Zambezi ana kama tsage da wannan dabara, a Kogin Faro na Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai, har giwan ruwa ana kamawa.

Mu ma da ba mu da kogi, muna da abin lura. Gaiwa na da huhu, tana shaƙar iska kamar mu. Idan fadama ta ƙafe sai ta haƙa laka ta shige, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta yi watanni ba ci ba sha har ruwa ya dawo. Da mutanenmu ke cewa gaiwa jikinta take ci, gaskiya suka faɗa, don naman jikinta ne ke narkewa a hankali yana riƙe ranta. Tirawut da gaiwa kowanne an halicce shi daidai da ruwansa.

Babban darasin

Wanda ya koyi fatsa da ƙwaron ƙarya ba ya daɗewa sai ya gane cewa in babu ƙwari babu kifi, in babu ruwa mai kyau babu ƙwari. Don haka masu wannan sana'a suka yarda da dokoki masu tsanani. A Ingila sai da lasin ake fatsa a kogi. Akan rufe kamun tirawut tun daga wajen Oktoba har Maris, lokacin da yake zuba ƙwai cikin tsakuwa. Wanda bai kai girma ba akan mayar da shi ruwa da ransa.

Kakanninmu ma sun san wannan. Sarkin ruwa yakan hana shiga gurbi sai ranar da aka yanka ta su. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo sifarsa ta yanzu a 1934, akan kange yankin Matan Fada sai lokacin bikin ya zo. Hikimar ɗaya ce: a ƙyale kifi ya hayayyafa.

Kifin Kogin Haɗejiya da ambaliya yake haihuwa. Idan kogi ya cika ya shiga fadama, sai kifi ya bi shi cikin ciyawa ya zuba ƙwai, 'ya'yan su girma da tsutsar ƙwari, in ruwa ya fara janyewa su komo kogi. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Sun amfani noman rani da ruwan sha na Kano, amma sun sauya yadda ambaliya ke zuwa. Ga farin 1973 da na 1984. Ga ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa da dama. A kan wannan kuma sai ga aikin hannunmu: wasu na su da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsako, wasu na zuba maganin feshin gona a gurbi, ya kashe babba da ƙarami har da ƙwarin da na baɗi za su ci, ya kuma cuci wanda ya sayi kifin. Mai yin haka ya ci irin shukarsa ne. Idan banda ta yi tsada a kasuwar Maigatari ran Alhamis, to, a can bakin kogi aka fara tsadar.

Abin gwadawa

Idan damina ta kankama, ku roƙi malamin kimiyya ya kai ku bakin tafki. Ku ɗebi ruwa da laka da rariya, ku juye a farin kwano, ku ƙidaya irin halittun da ke motsi, ku zana su a littafi. Bayan mako biyu ku koma ku ga abin da ya sauya. Mai sha'awa ya nemi ƙaramar ƙugiya da jan zare da gashin zabo, ya gwada kwaikwayon ɗaya daga cikinsu. Sai dai a kiyaye: kada kowa ya shiga ruwan, saboda tsargiya da kuma ramukan da aka haƙi ƙasar gini, kada kuma kowa ya je shi kaɗai.

'Yan'uwana ɗalibai, cikinmu akwai waɗanda gobe za su zama malaman gona, da injiniyoyin ruwa, da masu tsara doka. Wata rana a hannunku za a sa shawarar yawan ruwan da za a saki daga madatsa, ko girman idon tarun da za a yarda da shi. Wanda ya saba duban ƙwaro a farin kwano tun yana makaranta, shi zai san abin da ke cikin wannan shawara. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.