Yadda Teku Ke Cin Tsibirai

A can ƙuryar arewacin duniya da ƙuryar kudancinta akwai ƙanƙara jibge, wadda ta shekara dubbai ba ta narke ba. To, ga shi yanzu tana narkewa. Hayaƙin kwal da man fetur da gas da ake ƙonawa yana taruwa a sama, ya tare zafin da ƙasa ke fitarwa, duniya ta yi ta ɗumama.

Sai dai a lura, ƙanƙarar iri biyu ce. Wadda ke yawo a kan teku, ko ta narke ba ta ƙara wa teku tsawo sosai, kamar dai ƙanƙarar da ke cikin kofin ruwa: ta narke, kofin bai tumbatsa ba. Abin tsoro ita ce wadda ke zaune a kan tudu, a Girinlan da Antatika da kawunan manyan duwatsu, domin ruwanta sabon kaya ne da ake ɗora wa teku. Ta Girinlan kaɗai, da za ta narke duka, teku zai tashi wajen mita 7. Bayan haka ruwa da kansa yakan kumbura idan ya ji zafi. Daga 1901 zuwa 2018 teku ya ƙaru da kimanin santimita 20.

Wani zai ce, taƙi guda kawai? A tambayi mutanen Tubalu, wata ƙasa mai tsibirai 9 a tekun Fasifik, wadda tudunta mafi tsawo bai kai mita 5 ba. Su sun san tsibiri ba ya jiran ranar nutsewa kafin ya mutu. Gishiri ne ke fara kashe shi. Ruwan daɗi a irin waɗannan tsibirai ɗan kaɗan ne, yana kwance a ƙarƙashin yashi bisa ruwan teku. Idan teku ya cika ya batse, a Funafuti babban birninsu ruwa kan ɓuɓɓugo daga cikin ƙasa, ya shiga ramukan da suke shuka fulaka, wani abinci dangin gwaza, shuka ta ƙone, rijiya ta yi zartsi. A 2021 ministan harkokin wajensu, Simon Kofe, ya tsaya cikin ruwa har gwiwa yana jawabi ga taron duniya kan ɗumamar yanayi na Gilasgo. Ba wasa yake yi ba.

Kowa da dabararsa. Maldif, ƙasar Musulmi a tekun Indiya, ta cike teku da yashi ta gina tsibirin Hulhumale. Kiribati, ita ma ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, ta sayi fili a ƙasar Fiji a 2014. Tubalu kuwa ta ƙulla yarjejeniya da Ostireliya a 2023, wadda ta ba mutum 280 izinin ƙaura kowace shekara, alhali jama'arta duka wajen 11,000 ne. A ganina wannan taimako bai kai hakkinsu ba, tunda hayaƙin ba nasu ba ne. A 2023 ɗin dai mutanen Tubalu suka gyara tsarin mulkinsu, suka rubuta cewa Tubalu ƙasa ce har abada, ko da teku ya rufe ta.