Lingalar da Ya Kamata Ka Riƙe Kafin Ka Sauka a Kinshasa

Aikina tafinta ne. Ina tarbar 'yan kasuwarmu da ke zuwa Kinshasa da Brazzaville sari ko neman abokan hulɗa, in raka su kasuwa, in zauna tsakaninsu da masu kaya. Kusan duk wanda ya kira ni kafin ya taso, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, sai na iya Faransanci?" Faransanci zai fitar da kai daga filin jirgin N'djili, ya cike maka takarda a ofis. Da ka taka titi kuwa, Lingala ce za ta cika maka kunne. Ɗaya ce daga harsunan ƙasa huɗu na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, tare da Swahili da Kikongo da Tshiluba, kuma in ka tsallake kogi zuwa Brazzaville ita za ka tarar a unguwar Poto-Poto, inda har titi akwai mai sunan Hausawa.

Gaisuwa ce farko, kamar a gida. *Mbote* ita ce sannu, safe da yamma. Mutum ɗaya ka ce masa *mbote na yo*, jama'a *mbote na bino*. Za a tambaye ka *sango nini?*, wato ina labari, ka amsa *sango malamu*, sai alheri. Kada ka kira babba haka kawai: dattijo *papa* ne, mace *mama*, sa'anka *ndeko*. Wanda ya ɗan girme ka kuma *yaya*, daidai da tamu, kuma ina jin daɗin ganin fuskar baƙona ranar da ya fara jin kalmar a bakin ɗan Kinshasa. Godiya *matondo*, ko *melesi* da suka aro daga Faransanci.

Abin da na fi nacewa a kai shi ne abinci, domin a nan ne rashin kalma ɗaya yake jawo nadama. Musulmi tsiraru ne a biranen nan biyu, naman alade kuwa ana gasa shi a bakin titi gefe da na akuya. Sunan alade *ngulu*. Ka haddace *nalyaka ngulu te*, ba na cin alade, da *namelaka masanga te*, ba na shan giya. Wannan *te* ta ƙarshe ita ce a'a, kuma kullum a ƙarshen magana take zuwa. In ka haɗiye ta, ka faɗi kishiyar abin da kake nufi. Na taɓa tarar da wani baƙona an ajiye masa faranti bayan ya ce *nalyaka ngulu* ya yi shiru, yana ganin ya gama bayani. Allah ya sa na iso kafin ya sa hannu. Mai abincin ba ta yi laifi ba, abin da ya faɗa ta kawo. Tun daga ranar nake sa kowa ya maimaita jimlar a gabana har sai *te* ta fito da ƙarfi. Wanda yake kokwanton yanka ya nemi *mbisi*, kifi, da *loso*, shinkafa, ko *kwanga*, ƙullin rogo da ake naɗewa a ganye. Miyar ganyen rogo, *pondu*, ana sa mata kifi ko nama, saboda haka a tambayi abin da ke ciki. Ruwa *mai* ne.

Kasuwa *zando* ce. Ka nuna kaya ka ce *talo boni?*, nawa ne. In an tsuga maka, *talo makasi*, ya yi tsada, sannan *kitisa talo*, a rage. Lambobi da Faransanci ake faɗinsu a ciniki, don haka kada ka wahalar da kanka da ƙirgen Lingala fiye da *moko*, *mibale*, *misato*. Abin da ya fi muhimmanci ka tabbatar da wane kuɗi ake nufi, domin a Kinshasa dalar Amurka da faran na Kongo tare suke yawo, Brazzaville kuma sefa ake kashewa. In magana ta yi maka sauri, ka ce *loba malembe*, yi a hankali, ko *nayoki te*, ban ji ba. A kan *wewa*, ɗan acaɓarsu, *telema awa* na nufin tsaya nan.

Akwai kalma ɗaya da ta fi kowace haddasa rigima a teburin ciniki: *lobi*. Ita ce jiya, ita ce kuma gobe. Aikatau ne yake bambanta su. *Nakoya lobi*, zan zo gobe. *Nayaki lobi*, na zo jiya. Kunnen baƙo ba ya kama *ko* ɗin tsakiya da *ki* ɗin ƙarshe. Na sha raba gardama tsakanin mai kaya da ya ce ya aika jiya da ɗan kasuwarmu da ya zauna jiran gobe, kowa na ganin ɗaya ya yaudare shi. Duk alkawarin da ya shafi kuɗi ko lodi, a ambaci rana da kwanan wata, a rubuta a waya, kowa ya gani.

Ka kuma ajiye jimloli uku na ranar da ba a so: *salisa nga*, taimake ni; *nazali kobela*, ba ni da lafiya; *lopitalo ezali wapi?*, ina asibiti. Wanda tafiyarsa ta miƙa zuwa Lubumbashi ko Goma ya sani can Swahili ce ke riƙe da titi, sai ya nemi wani tafintan tun kafin ya bar Kinshasa.