Nasiha ga ɗana da ya kai iyalinsa Kumasi

Ɗana, na ji kun sauka lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran, har ka kama ciki da falo a Aboabo. Alhamdu lillahi. Hanyar da ka bi tsohuwa ce. Tun kafin zuwan Turawa fatakenmu ke kora jakuna zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, su komo da goro. Su da waɗanda suka biyo sawunsu ne suka kafa zangunan da kake gani a Kumasi da Akara, shi ya sa kake jin Hausa a bakin mai koko da ƙosai na kan layinku. Sai dai kai zama ka je yi, da mace da ƙananan yara, kuma a kan wannan nake son mu yi magana.

Kai da gari ya waye sai kasuwar Kejetia. Kafin azahar ka gaisa da mutum ɗari, ka yi ciniki, ka yi dariya, ka tsinci kalma biyu ko uku na yaren Twi. Ita fa? A Bungudu ta tashi cikin gidan yawa, ga inna, ga matan yayye, ga maƙwabciyar da za a leƙa ta katanga a ari turmi. Yanzu tana gidan haya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, da matan da ba ta jin abin da suke faɗa. Idan ka dawo da dare ka tarar ta yi shiru, ko ta yi fushi kan abin da bai kai ya kawo ba, kada ka ce raini ne. Kewa ce, kuma kewa ciwo ce. Zauna ka ci abincinka kusa da ita, ka ba ta labarin kasuwa, ko da kai a wurinka ba labari ba ne.

Ƙasar ma sai an koye ta. Nan Gusau damina ɗaya muka sani, daga Yuni zuwa Satumba, sannan hunturu ya zo ya busar da komai. Can kurmi ne, damina biyu suke yi a shekara, iskar kuma cike take da laima. Atamfar da aka ninke a akwati za a buɗe a ga ta yi funfuna. Garin kukar da ta ƙullo daga gida zai dunƙule, daddawa ta sauya wari, wanki ya kwana biyu bai bushe ba. Mace mai tsafta idan ta ga haka ranta yakan ɓaci ƙwarai, ta ɗauka sakacinta ne. Saya mata robobi masu murfi, kuma duk ranar da rana ta buɗe a fitar da kaya su sha iska.

Sauro kuwa a can ba ya hutun rani. Kowane yaro ya kwana a gidan sauro, kuma jiki na yin zafi a kai shi a gwada jini a ranar, ban da jiran gobe. Ka san hanyar asibitin da ya fi kusa da ku, da ta babban asibitin Komfo Anokye, tun kafin buƙata ta taso cikin dare. Gana na da tsarin inshorar lafiya tun 2003. Tambayi 'yan unguwa yadda baƙo ke shiga.

Yara ba sa ba ni tsoro. Wata uku za ka ji suna Twi da 'ya'yan Asantawa, suna neman dokunu da sakwarar rogo da agade, sun manta hoce. Ƙyale su su ci. Abin da zan roƙe ka shi ne Hausa ta zauna a cikin ɗaki, kuma a sa su makarantar allo ta unguwa tare da ta boko.

Maganar takardu ba ta wasa ba ce. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 ta ba ka ba tare da biza ba, bayan nan sai da izinin zama. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, kuma cikin waɗanda suka kwaso kaya har da mutanen da a can aka haife su. Mu ma a 1983 mun yi wa 'yan Gana irinta, ba abin alfahari ba ne. Yau ana zaman lafiya, Allah Ya ɗorar, amma ita da kowane yaro su samu takardarsu da sunansu. Kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu da masu gida ke karɓa gaba ɗaya, karɓi rasit ka adana.

Je ka gaida limamin masallacinku da mai unguwa, su kai ka gaban Sarkin Zango idan hali ya yi. Daga nan ka nemi wata dattijuwa cikin matan zango ka damƙa mata mai ɗakinka amana, ta riƙa jan ta zuwa suna da biki da ta'aziyya, ta nuna mata inda ake sayar da gero da dawa. Hausarsu za ta yi mata banbaraƙwai da farko, tata ma za ta ba su dariya; a haka ake sabawa. Na san al'adarmu ta kulle, ban ce ka yar da ita ba. Amma kullen da ake yi a tsakiyar dangi daban yake da wanda za a yi wa mace ita kaɗai a ƙasar da ba ta san kowa ba.

Kada katin waya ya yanke mata. Da halin rashin tsaro da hanyar Tsafe ke ciki a shekarun nan, wanda ke nesa ya fi na kusa shiga zulumi, kuma jin muryar innarta ne kawai zai kwantar mata da hankali. Ku tuna agogonku na bayan namu da awa ɗaya, kada ku riƙa kira bayan tsofaffi sun kwanta. Ranar Juma'a mai zuwa ka ba ta wayar ta kira ni da kanta, ina so in ji daga bakinta yadda take. Goggonka na gaishe ku.