Kafin Ka Danna "Tura": Abin da Na Koya Tsakanin Samaru da Sabon Gari

Da yawanku kun san ina da shafi a Facebook inda nake kawo labaran gari: yajin aiki, farashin kaya, inda ake neman ma'aikata. Mabiyana 'yan dubbai ne, ba wani abin a zo a gani ba, amma sun isa su tayar da ƙura. Sun kuwa taɓa tayarwa.

Bara wani ya turo mini saƙon murya a WhatsApp cewa wai wata mai abinci a Sabon Gari da naman mushe take miya. Ina zaune a teburin mai shayi a Samaru na saurara, na rubuta, na haɗa da hoton rumfarta, na danna. Ko minti uku ban yi ba. Kafin indomina ta dahu an raba shi ya fi a ƙirga, har na ji kaina ya yi girma. Bayan mako biyu sai ta bayyana cewa ƙarya ce, rigimar wurin zama ce tsakaninta da wani maƙwabcin rumfa. Zan dawo kanta, amma bari mu fara da abin da doka ta ce.

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, da karɓar bayani, da yaɗa shi. Sashe na 45 kuma ya ce ana iya taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro, da zaman lafiya, da kare haƙƙin wasu. Sai Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda sashenta na 24 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira miliyan 7, ko duka biyun. Lafazin sashen ya yi faɗi sosai, har saƙon da aka ce an aika don a ɓata wa wani rai yana iya shiga ciki. Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana, a 2024 kuma aka yi masa gyara aka rage faɗinsa.

To, wa wannan doka ta fi yi wa aiki? Ku tuna Aminu Adamu, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kama a Nuwamban 2022 aka kai Abuja saboda rubutu a Twitter kan Aisha Buhari. Sai da jama'a suka yi ca, ƙungiyar ɗalibai ta NANS ta yi barazanar zanga-zanga, sannan aka janye ƙarar a farkon Disamba. A watan Nuwamban dai, wata kotu a Kano ta yanke wa 'yan TikTok biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon barkwanci kan Gwamna Ganduje. Ba a ma maganar Dadiyata, wanda aka ɗauke daga gidansa a Kaduna a Agustan 2019. Ni dai ra'ayina a fili yake: mai mulki bai fi ƙarfin suka ba, kuma duk ɗalibin da ya yi shiru ranar da aka kama wani saboda suka, gobe nasa bakin za a ɗinke.

Amma ku lura da abu ɗaya. In ka taɓa babba, kafin gari ya waye an zo ƙofarka. In ka taɓa mai abinci, ba lauya, ba ɗan sanda, ba wanda zai ce maka uffan. Ke nan inda doka ta fi cizo, a nan ya kamata mu yi ƙarfin hali. Inda take barci kuwa, babu mai tsare bakinmu sai mu. Mu kuma muka juya abin: muna tsoron manya, muna sakin baki a kan talaka.

Ƙarya ba ta tsayawa a ɓata suna. A 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Ku tambayi iyayenmu, an rasa rayuka. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan da ba su da alaƙa da rikicin Filato suka yaɗu a Facebook suka ƙara rura wutar kashe-kashe. Gari irin Sabon Gari, inda Bahaushe da Bayarabe da Ibo ke kasuwa ɗaya, ba ya buƙatar ashana biyu.

Abin da na koya ke nan: ra'ayi daban, zargi daban. In na ce hanya ta lalace kuma hukuma ta gaza, ra'ayina ne, ga ramuka kowa na gani. In na ce wane ya ci kuɗin gyaran, wannan zargi ne, sai da hujja. "An ce" ba hujja ba ce, rubuta "Allah ne masani" a ƙasa kuma ba ya wanke ka. Yanzu kafin na tura labari nakan tambayi wanda ya turo: ka gani da idonka? In hoto ne, na sa shi a Google Lens na ga ko tsoho ne. In akwai sunan mutum, na nemi jin ta bakinsa. A garin nan Abubakar Imam ya fara aikin editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Shi yana da lokacin tantancewa kafin a kai maɗaba'a, mu kuwa edita da maɗaba'a duk suna aljihu ɗaya. Daga Samaru zuwa Sabon Gari kuɗin keke napep ne kawai, amma ranar nan ban je ba.

Daga baya na je. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, ni ne na yi rubutun nan, ki yafe mini." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗana, na yafe. Amma tukunya uku nake ɗorawa a da, yanzu ɗaya ma kwantai take yi." Na goge rubutun, na rubuta gyara da ban haƙuri, na maƙale shi a saman shafi tsawon wata guda. Mutum goma sha ɗaya ne suka raba shi.